Hanyar Kanari: Wane irin jirgi ne ke iya doguwar tafiya a teku?

A ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara, jiragen ruwa masu tafiya da iska fiye da ɗari suna tashi daga tashar Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, su nufi tsibirin Saint Lucia a yankin Karebiyan. Ana kiran wannan ayari ARC, kuma tun 1986 ake yinsa. Nisan tafiyar ya kai kusan kilomita 5,000, yawancinsu kuma suna cinye ta cikin mako uku. Masu jiragen farar hula ne: 'yan fansho, ma'aurata, iyalai har da yara ƙanana. Duk da haka ba a barin kowa ya kwance igiya sai masu shirya ayarin sun hau jirginsa sun duba kayan ceto ɗaya bayan ɗaya.

A wannan watan dai, a waɗannan tsibiran dai, wasu jiragen na shigowa daga kudu. Kwalekwalen kamun kifi ne daga Senegal da Muritaniya da Gambiya, cike maƙil da mutane. A watan Oktoba na 2023 guda ɗaya ya iso tsibirin El Hierro da mutum 320. Ma'aikatar cikin gida ta Sifaniya ta ƙidaya mutum 39,910 da suka shiga Kanari ta ruwa a 2023, sai 46,843 a 2024, adadin da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyar Caminando Fronteras, wadda ke karɓar kiran iyalai masu cigiyar 'yan'uwansu, ta ce mutum 9,757 ne suka mutu ko suka ɓace a wannan hanya a 2024 kaɗai. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, tana ba da adadin da bai kai haka ba, domin ita sai abin da ta tabbatar take rubutawa, jirgin da ya ɓace da kowa da kowa kuwa ba ya barin shaida.

Teku ɗaya ne, wata ɗaya, iska ɗaya. Su na farko kusan dukkansu suna isa lafiya. Na biyun kuma kun ji lissafi. Babban abin da ya raba su shi ne irin jirgin da kowa ya shiga, da yawan abin da aka ɗora masa, da kuma inda ya sa gaba.

Me ya haɗa mu da teku?

Mai karatu a Sokode ko Dapaong zai iya cewa, to ina ruwanmu? Gaɓar tekun Togo duka-duka kilomita hamsin da 'yan kai ce, daga Sokode zuwa Lome kuwa sai ka yi fiye da kilomita 300, daga Dapaong fiye da 600. Yawancin yaranmu ba su taɓa shiga ruwan da ya fi kogin Oti a Mango girma ba. To ai nan ne haɗarin yake. Ɗan masunci na Mbour ko Saint-Louis yana kallon kwalekwale ya san halinsa. Ɗan Zongo ko Didawure bidiyo kawai yake gani a WhatsApp da TikTok, ga mutane na ɗaga hannu suna murna a bakin tasha, bai san nawa aka bari a hanya ba.

Gaskiya ne 'yan Togo ba su ne suka fi yawa a jiragen Kanari ba. 'Yan Mali da Senegal da Gini da Gambiya da Maroko ne a gaba. Amma hanyar a buɗe take ga duk wanda ya haɗa kuɗi: daga Dapaong ka ƙetare Sinkase, ka bi Wagadugu da Bamako, sai Dakar ko Nuwakshot. Har daga Asiya ake zuwa. A watan Janairun 2025 wani jirgi da ya tashi daga Muritaniya ya yi kwanaki yana gararamba a ruwa, akasarin waɗanda suka mutu a ciki 'yan Pakistan ne. Ga kuma halin da jihar Savanes ke ciki: tun harin Kpekpakandi na watan Mayun 2022 da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya a watan Yuni, noma da kasuwa sun ja baya a ƙauyukan Kpendjal, matasa da yawa sun taru a Dapaong ba aikin yi. Wanda ke zaune haka, duk hanyar da aka nuna masa sai ya saurara.

Kuma shiga ruwa don neman arziki ba sabon abu ba ne a wajenmu. Manyanmu ba su manta hanyar Gabon ba. A shekarar 2001 jirgin Etireno ya tashi daga Kwatano, aka hana shi sauke mutane a Libreville, ya yi ta yawo a teku kafin ya dawo da yara masu yawa a ciki. Bayan shekara biyu ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan 'yan matan Togo da ake bi da su ta Najeriya a loda su a kwalekwale zuwa Gabon aikatau. Don haka tambayar wane irin jirgi ta shafe mu tun ba yau ba.

Iskar da muka sani da sunan hunturu

Kafin maganar jirgi, sai an san hanyar. Iskar hunturu da ke busa mana ƙura daga arewa maso gabas, ƙanwar iskar da ke kaɗawa a tekun Atlantika ce a gefen Maroko da Muritaniya. Can kusan duk shekara daga arewa maso gabas take zuwa, ta nufi kudu maso yamma. Ruwan kansa ma yana gudu, kamar kogi a cikin teku: yana gangarowa kudu daga Kanari, idan ya zo wajen Senegal da Kap Bad sai ya karkata yamma, ya nufi nahiyar Amurka.

Saboda haka mai tashi daga Las Palmas zuwa Karebiyan iska na tura shi ta baya, ruwa na ɗauke da shi. Shi ya sa Kolombus ya tashi daga tsibirin La Gomera na Kanari a watan Satumban 1492. Mai tashi daga Dakar zuwa Kanari kuwa gaba da gaba yake yi da iska da ruwa, tsawon kusan kilomita 1,500. Daga Nuwadibu ya fi kusa, wajen rabin haka, amma faɗan iri ɗaya ne. Turawan Fotugal sun daɗe suna tsoron wuce Bojador a gaɓar Sahara, sai a 1434 Gil Eanes ya wuce. Zuwa kudu bai dame su ba, dawowa arewa ce matsalar, har sai da suka koyi yin dogon zagaye ta tsakiyar teku su kama wata iskar.

Ƙari a kan haka, don gudun jiragen sintiri, matuƙan kwalekwale kan nausa can cikin teku, nesa da gaɓa, su nufi El Hierro, ƙaramin tsibirin da ke can gefen yamma, mai mutum wajen 11,000. Idan ka kuskure shi, ba wata ƙasa a gabanka sai bayan dubban kilomita.

Abu na farko: idan ya kife, zai miƙe?

Masu sayen jirgin iska don doguwar tafiya suna iya shekara suna bincike. Ana gardama a tsakaninsu kan abubuwa da dama, ko jirgi mai ciki ɗaya ya fi ko mai ciki biyu, ko na ƙarfe ko na roba mai tauri. Amma tambayar farko ba ta canzawa: idan igiyar ruwa ta kwantar da shi, zai tashi da kansa? Jirgi mai ciki ɗaya ana maƙala masa wani dogon nauyi na dalma ko ƙarfe a ƙarƙashinsa, can cikin ruwa, wanda yakan kai kashi ɗaya bisa uku na nauyin jirgin duka. Wannan nauyin ne ke jawo shi ya miƙe duk lokacin da ya karkata.

Da gawa aka koyi wannan darasi. A watan Agustan 1979, guguwa ta faɗa wa gasar Fastnet tsakanin Ingila da Ireland. Jirage 303 suka shiga, matuƙa 15 suka mutu. Binciken da aka yi bayan haka ya canza yadda ake auna jirage. A yau Tarayyar Turai tana raba ƙananan jirage aji huɗu. Ajin A shi ne wanda aka ƙera don iskar da ta wuce kilomita 70 a awa da igiyar ruwa mai tsawon fiye da mita 4. Ajin C na kusa da gaɓa ne, igiyar da ba ta wuce mita 2 ba. Ana manna wa jirgi ɗan allo da ke nuna ajinsa da iyakar mutanen da zai ɗauka.

Kwalekwalen masunta ba shi da wannan nauyi na ƙasa, kuma da gangan ne, domin kullum ana jawo shi kan yashi. Abin da ke daidaita shi shi ne faɗinsa da ƙwarewar mutanen ciki. To yanzu a zuba masa mutum 120. Idan muka ba kowa kilo 65, kusan tan 8 ke nan, kuma nauyi ne mai motsi, mai tsoro, mai miƙewa tsaye. Shi ya sa haɗari yakan faru a daidai lokacin da ceto ya zo. Ranar 28 ga Satumban 2024, da dare, kusa da El Hierro, mutanen wani kwalekwale daga Nuwadibu suka ga jirgin ceto, suka taru a gefe ɗaya, ya kife. Cikin mutum 84, an ceto 27, an tsamo gawa 9, sauran 48 ba a gan su ba. Ranar 28 ga Mayun 2025 irin haka ta faru a cikin tashar La Restinga, 'yan taku kaɗan daga tudu, mata huɗu da yara mata uku suka rasu.

Kada a ɗauka kwalekwale kaɗai lodi ke kayarwa. Jirgin Joola na gwamnatin Senegal na ƙarfe ne, an ƙayyade masa mutum ɗari biyar da wani abu. Ranar 26 ga Satumban 2002 ya kife a gefen Gambiya da ninkin haka fiye da sau uku, hukuma ta ce mutum 1,863 suka mutu.

Abu na biyu: a rufe yake ko a buɗe?

Jirgin doguwar tafiya kamar kwalba ce da aka toshe. Samansa a rufe yake ruf, ƙofofinsa na kulluwa, wurin da matuƙi ke zama yana da ramukan da ruwa ke zurarewa da kansa. Igiya za ta iya hawa kansa ta wuce. A waccan guguwa ta Fastnet, jirage 24 ne mutanensu suka gudu suka bari, amma daga baya an tarar da yawancinsu suna yawo a saman ruwa, biyar kaɗai suka nutse. Tun daga lokacin ake koya wa matuƙa cewa kada su bar jirgi muddin bai nutse ba.

Kwalekwale kuwa ƙwarya ce buɗaɗɗiya. Duk ruwan da ya shiga sai an kwashe da bokiti, dare da rana. Mutanen ciki suna jiƙe kwana da kwanaki, ga sanyin dare, ga rana, ba wurin miƙe ƙafa. Akwai kuma ciwon da likitocin Kanari suka saba gani: fetur ya zube ya gauraye da ruwan gishiri a ƙasan jirgi, ya ƙone fatar waɗanda ke zaune a ciki, wani lokaci har a yanke ƙafa. Yawanci wanda bai san kowa ba, kamar baƙo daga nesa, shi ake turawa can ƙasa.

Abu na uku: idan inji ya mutu fa?

Jirgin iska yana da hanyar tafiya biyu, ga ƙyallen da iska ke turawa, ga inji. Idan ɗaya ya ƙi, ɗaya na nan. Man da ke tankinsa ba zai kai shi rabin teku ba, kuma bai damu ba, domin iska ba ta ƙarewa. Kwalekwalen Kanari inji kaɗai ya dogara da shi, irin wanda ake ratayawa a baya, wani lokaci da na biyu a ajiye. Ranar da mai ya ƙare ko inji ya tsaya, jirgin ya zama kara a kan ruwa, kuma mun riga mun ga inda ruwan ke zuwa.

Ranar 10 ga Yulin 2023 wani kwalekwale ya tashi daga ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum 101. Bayan fiye da wata guda, jirgin kamun kifi na Sifaniya ya tsince shi a gefen tsibirin Sal na Kap Bad, mutum 38 ne suka rage da rai. Waɗannan ma an gan su. A ƙarshen watan Mayun 2021 masunta a Tobago, can Karebiyan, suka ga wani kwalekwale na yawo da gawawwaki fiye da goma. Kamfanin labarai na AP ya bi diddigi ya gano daga Muritaniya ya taso watanni kafin haka, kuma ya ƙirga aƙalla jirage bakwai irinsa da suka ɓulla a Karebiyan da Brazil a shekarar kaɗai. A watan Afrilun 2024 an sake samun wani a gaɓar jihar Para ta Brazil da gawa tara, takardun da ke jikinsu na Mali da Muritaniya ne. Hanyar da masu ARC ke bi don nishaɗi, ita ce dai waɗannan bayin Allah suka bi.

Abu na huɗu: lissafin ruwa da mai

Bari mu yi lissafi irin na aji. Mu ɗauka tafiyar kilomita 1,500 ce, jirgin na cin kilomita 10 a awa, awa 150 ke nan, kwana shida da 'yan awoyi idan komai ya tafi daidai. Mu ce injin na shan lita 15 a awa. Ana bukatar lita 2,250, wato jarka 90 mai cin lita 25. Ruwan sha kuma, mutum 120, kowa lita 2 a rana, mu ba su kwana takwas: lita 1,920, jarka 77. Jimla jarka kusan 170, nauyinsu ya haura tan uku da rabi, ba a sa shinkafa da biskit ba, ba a kuma ajiye komai don ɓacin rana ba.

To a nan maganar take. Duk inda aka ajiye jarka, wurin zaman mutum ne da zai biya ɗaruruwan dubban sefa. Mai shirya tafiyar ya karɓi kuɗinsa a tudu, ba ya cikin jirgin, kuma ya san kwalekwalen ba zai dawo ba, domin idan ya isa hukuma za ta kama shi. Wane dalili ke gare shi na sayen sabon inji ko rage fasinja? Ribarsa tana cikin tsohon jirgi da yawan kai. Mai jirgin ARC kuwa shi da matarsa da 'ya'yansa ne a ciki. Jirgi mai tsawon mita 12 zuwa 15 yakan ɗauki mutum huɗu zuwa shida, da ruwan da zai ishe su ko tafiyar ta ƙara mako guda, da yawansu kuma suna da injin tace ruwan gishiri.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, suna yada zango a Mango da Didawure, sun san wannan doka. Madugu yana tafiya tare da ayarinsa. Idan ya yi kuskuren lissafin rijiyoyi, shi ma ƙishirwar za ta same shi. Ayarin da madugunsa ke zaune a gida yana karɓar kuɗi ta waya, ba su san irinsa ba.

Abu na biyar: wa zai ji kukanka?

Ba a barin jirgi ya shiga ARC sai yana da kwalekwalen roba na ceto da zai ɗauki kowa, da rigar ceto ta kowane mutum, da hanyar aika saƙo daga tsakiyar teku, da wata na'ura mai suna EPIRB wadda idan aka kunna ta take aika wa tauraron ɗan'adam sunan jirgin da inda yake. Kowace rana masu shirya ayarin sun san inda kowane jirgi ya kai. A kwalekwalen Kanari, wayar salula na daina aiki da an yi nisa kaɗan da gaɓa. Jirgin ba shi da rajistar tafiya, ba jerin sunaye, an tashi a ɓoye, kuma katako ba ya fitowa sosai a na'urar hango jirage. Hukumar ceto ta Sifaniya tana ƙoƙari, ta ceci dubbai, amma yankin da take nema ya ninka ƙasar Togo sau da yawa.

Ko jirgi mai kyau yana iya nutsewa. A farkon 1982 Ba'amurke Steven Callahan ya tashi daga El Hierro shi kaɗai, bayan mako guda jirginsa ya fashe. Ya yi kwana 76 a kwalekwalen roba kafin masunta su tsince shi kusa da Guadeloupe. Abin da ya raya shi kayan da ya tanada ne: 'yar na'urar da ke tace ruwa da zafin rana, da mashin kamun kifi. Mutum ɗaya ne, da shiri, kuma da ƙyar ya sha.

Amma ai wasu sun isa

Wannan ita ce amsar da matasa ke bayarwa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Yawancin jiragen suna isa. Kwalekwalen Senegal ba abin rainawa ba ne, masuntan Guet Ndar suna kwanaki a teku da shi suna dawowa. Katako ma ba laifinsa ba ne, ƙanƙanta ma haka. Robin Knox-Johnston, mutum na farko da ya zagaye duniya shi kaɗai ba tsayawa, daga 1968 zuwa 1969, a jirgin katako ya yi, wanda aka ƙera a Indiya, tsawonsa bai kai mita 10 ba, ya yi kwana 312. A 2023 'yar Afirka ta Kudu Kirsten Neuschäfer ta ci irin wannan gasa a jirgi mai mita 11.

Har kwalekwalenmu na Afirka ta Yamma ya taɓa ƙetare Atlantika da mutum a raye. A 1955 wani likita Bajamushe da ke aiki a Laberiya, Hannes Lindemann, ya ɗauki kwalekwalen da aka sassaƙa daga itace guda, ya tashi daga Kanari ya isa Karebiyan cikin kwana 65. Sai dai a duba abin da ya yi masa tukuna: ya rufe samansa, ya sa masa nauyi a ƙasa, ya kafa masa ƙyallen iska, ya shiga shi kaɗai, ya bi inda iska ke zuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, akasinsa ake yi a jiragen da ake sayar wa yaranmu wurin zama.

Wanda ya isa shi ke aiko da bidiyo. Wanda bai isa ba, shiru kawai ake ji, uwa ta yi ta jiran waya shekara da shekaru, ba gawa ba jana'iza, matarsa ba ta san ko ta yi takaba ba.

An toshe kusa, an buɗe nesa

A watan Maris na 2024 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Muritaniya, ta yi mata alkawarin yuro miliyan 210. A watan Agusta firaministan Sifaniya Pedro Sánchez ya zagaya Muritaniya da Gambiya da Senegal kan wannan batu. A 2025 Muritaniya ta kori dubban baƙi zuwa iyakokin Mali da Senegal, masu isa Kanari kuma suka ragu da fiye da rabi. A Turai ana kiran wannan nasara.

Amma duba abin da ya biyo baya. Da aka matsa a Nuwadibu da Nuwakshot, sai wuraren tashi suka gangara kudu, zuwa Gambiya, har Gini. Nisan ya ƙaru da ɗaruruwan kilomita, kwanakin sun ƙaru, kwalekwalen kuwa shi ne dai na jiya. Ka koma kan lissafin jarkokin nan ka ƙara kwana huɗu ka gani. A ƙarshen watan Agustan 2025 wani jirgi da ya taso daga Gambiya ya kife a gaɓar Muritaniya, arewa da Nuwakshot, an tsamo gawa wajen saba'in. Ga wanda zai tafi bana, ragin adadi bai sa hanyar ta yi sauƙi ba, ƙara tsawo ta yi.

Laifin ba na matasa kaɗai ba ne. Muddin neman biza ya zama asarar kuɗi ga talaka, muddin manyan jiragen waje na kwashe kifin da masuntan Senegal ke rayuwa a kai har su gwammace sayar da kwalekwalensu ga masu safarar mutane, muddin yaron da ya gama makaranta a Sokode ko Dapaong ba shi da abin yi sai zemijan, za a ci gaba da samun fasinja. Gwamnatocinmu da na Turai kowa na da nasa kaso.

Abin da ke hannunmu

Amma kuɗin tafiya daga gida yake fita. Fili ake sayarwa, ko babur, ko shanu, ko uwa ta kwashe kuɗin adashi, ko yaya da ke Jamus ya turo. Don haka iyaye da 'yan'uwa suna da bakin magana, kuma ya kamata su yi tambayoyin da duk mai sayen jirgi ke yi. Daga wace tasha za a tashi, kilomita nawa ne? Mutum nawa za a ɗora? Inji nawa? Jarkar ruwa nawa, ta mai nawa? Akwai wayar tauraron ɗan'adam? Wa ya riƙe sunayen mutanen ciki? Shi wanda ya karɓi kuɗin, zai shiga?

Wallahi ba dillalin da zai amsa waɗannan da gaskiya, domin sau da yawa shi ma bai ga jirgin ba. Fasinja da dare ake kai shi, a ƙaramin kwalekwale, a sauke shi cikin babban a can cikin ruwa, lokacin da ba halin komawa. Mai ARC ya zaɓi jirginsa, ya gwada shi, wani ya sake duba masa. Ɗanmu bai zaɓi komai ba, an zaɓa masa, kuma wanda ya zaɓa ribarsa ya duba.

Ana yawan cewa ai ajali ne, ko a gado kake sai ya zo. Haka ne, babu mai ja. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ya kamata, kuma jefa kai cikin halaka ba ya cikin jarumta. Yana da kyau limamanmu su taɓo wannan a huɗuba da cikakken bayani, da sunan wurare da adadi, ba tsoratarwa kawai ba, domin matasa sun gaji da tsoratarwa. Mu ma malaman makaranta, darasin iska da igiyar ruwa yana cikin manhajar labarin ƙasa. A zana taswirar a allo, a nuna wa yara Dakar da El Hierro, a ja kibiyar iska da ta ruwa, a ba su lissafin jarkokin su yi da kansu. Yaron da ya fitar da amsar da hannunsa zai fi wuyar ruɗuwa da bidiyon minti ɗaya.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan ruwa, ya ba iyalansu haƙuri, ya buɗa wa matasanmu hanyar abinci ta halal wadda ba sai sun sa ransu a ciki ba.